Ƙafafun Tankin Illa Girgiza

Ranar kasuwa ce, ina kan keken ɗinki ina fama da wuyan wata riga, sai Hamisu direba ya tsaya a bakin rumfata. Hamisu yana jan babbar mota tsakanin Matameye da Agadas, kuma shi ne yake kawo mana saƙon Illa duk sa'ad da ya sauko. Ya saba tun daga nesa yake fara tsokanata, yana cewa tela ya cinye ƙyallen bayin Allah. Ran nan bai tsokane ni ba. Ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma, ya yi ta gaishe ni har ya tambayi lafiyar mutanen da bai sani ba. Na ɗauke ƙafata daga kan keke.

Ya ce, "Sallau, sai haƙuri. Illa ya riga mu gidan gaskiya. Ciwon ƙirji ne. Ni na kai shi likita, kuma da ni aka yi masa sutura."

Na yi salati. Na daɗe ina duban rigar da ke hannuna, na rasa ta wane ne. Daga baya na rufe rumfa na nufi gidansa, domin ba zan bari Sa'a, matarsa, ta ji a bakin 'yan kasuwa ba.

Ina rubuta wannan ne saboda Salamatu, babbar 'yar Illa, da ƙannenta. Ƙanana ne lokacin da ubansu ya bar gari, kuma har yanzu akwai masu cewa an kore shi daga aiki ne don ya yi ha'inci a ginin tankin unguwarmu. Ina wurin daga farko har ƙarshe, zan faɗi abin da na gani.

Ƙofar gidanmu tana duban ƙofar gidan su Illa. Ubansa maƙeri ne, mai ƙera hauya da magirbi, kuma Illa ya girma yana zuga wuta a maƙera har fuskarsa ta saba da zafi. Ni kuma aka kai ni gun tela. Tun muna yara ba ya kirana da sunana, sai Mai Allura, ni kuma in ce masa Baƙin Hannu. Da muka tasa, ya fara bin manya cin rani zuwa Kano. Wasu suna dawowa da rediyo ko agogo, shi kuwa ya dawo da sana'ar walda. Shi ya fara haɗa ƙofar ƙarfe a layinmu. Ubansa ya daɗe yana duban ɗinkin ƙarfen, sannan ya ce wannan ai aikin tela ne, da ya sani da ya bar shi tare da ni.

A shekara ta 1980 ya ce Kano ta ishe shi, zai gwada arewa. Suka tafi shi da Abdu, wani abokinsa ɗan Kurni, suka ratsa hamada har suka samu aikin gini a wani gari can arewacin Aljeriya. Illa ya dawo shi kaɗai kafin shekara ta zagayo, ya rame, ba ya son zama cikin ɗaki. Shi da kansa ya je Kurni ya yi wa iyayen Abdu bayani. Ni kuwa sau ɗaya tak ya ba ni labarin duka, wata rana da hantsi muna zaune a bakin fadama muna shan rake.

Ya ce ranar Juma'a ce da rana. Yana cikin wata babbar rumfa inda suke ajiye kayan aiki, Abdu kuma ya tsallaka wani bene da ake ginawa don ya kwanta a inuwa. Sai ya ji ƙara daga ƙarƙashin ƙafarsa, kamar garken shanu na gudu a cikin ƙasa. Ƙasa ta yi gaba ta yi baya, ta kayar da shi. Yana kwance yana kallon ginshiƙan benen nan, na kankare, masu kaurin gindin kuka, suna fashewa ta ƙasa. Tsakuwa tana tsalle, rodin da ke ciki ya lanƙwashe waje, bene ya zauna a kan bene. Abdu yana ciki. Wata ƙaramar rumfa ta kusa, mai ƙafafun bututun ƙarfe wanda ba komai a cikinsa, ita ma ta durƙusa. Amma rumfar da yake ciki ta yi ta rangaji, ta karkace kaɗan, ba ta saki rufinta ba. Ƙafafunta bututun ƙarfe ne su ma, sai dai an cika cikinsu da kankare. Ya san haka domin shi ya yi musu walda, kuma lokacin da ake ɗura su har ya yi gunaguni cewa ɓata lokaci ne.

Ya ɗauki gaɓar rake ya miƙo mini, ya ce in karya. Na kasa sai da na sa gwiwa. Ya fere wata ya ba ni, na matse ta da hannu ɗaya ta wargaje. Ya ba ni ɓawon da ya fere, na naɗe shi a yatsa.

Ya ce, "Ka gani, Mai Allura. Kankare shi kaɗai in an matsa masa fashewa yake yi ya watse. Bututu shi kaɗai loɓawa yake yi ciki. In ka haɗa su, ƙarfe ya hana kankare fita, kankare ya hana ƙarfe shiga. Amma sai in ya cika, babu rami ko ɗaya. Inda ramin yake, nan zai durƙusa."

Tun daga nan duk bututun da zai ɗauki nauyi a kan mutane, sai Illa ya cika shi. Rumfar kasuwa ce, ko barandar shago, ko zauren karatu, haka yake yi. Yana da yadda yake aikin, kuma ba ya sake shi don kowa. Zai kwaɓa siminti da yashi da ƙananan tsakuwa, ba ruwa-ruwa ba kuma ba da tauri ba. Ya hau tsani ya zuba gwangwani ɗaya ko biyu, ya zura dogon rodi ya caccaka, ya sauko ya bi bututun da guduma yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da ƙarfe. Inda ya cika, ƙarar takan mutu nan take. Inda da saura, sai ta yi amo kamar ƙwarya. Sai ya gamsu sannan ya sake hawa. Aikin da wani zai gama kafin azahar, Illa sai ya kai la'asar ta gobe.

Mutanen Matameye ba su taɓa jin ƙasa ta motsa ba, kakanninsu ma haka. Saboda haka suka sa masa suna Illa Girgiza. In zai wuce, mata masu tuya sukan ce, "Illa, yau ce? Mu sauke kasko?" Shi kuma ya ce, "Ku ƙarasa tuyarku, Inna, an ɗaga sai jibi." Bai taɓa jin haushi ba. Wani Alhaji mai shago ya taɓa ce masa ya bar wannan ɗure-ɗuren, nan ba ƙasar Larabawa ba ce. Illa ya ce, "Alhaji, ni ma ban ce za ta motsa ba. Amma akwai iskar farkon damina, akwai sa mai susa, akwai direba irin Hamisu. Ni dai ba na son in sake tono mutum." Alhajin ya bar shi ya ɗura.

Sai fari ya zo. Daminar 1984 gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Aka rufe iyaka, maza suka rasa hanyar cin rani, masu shanu suka sayar da na sayarwa suka binne na binnewa. Soja ke mulki, kuma a lokacin in an ce a yi, ba a tambayar dalili. Rijiyar unguwarmu ta ja baya ƙwarai. Mata sukan jera tuluna tun da safe, guga ya sauka ya dawo da rabi, rabin ma laka. Wadda take tsara layi ita ce Hajiya Baiwa, tsohuwa mai kaifin baki wadda ko liman yana shakkarta.

Cikin wannan hali masu taimako suka haƙa mana rijiyar inji, wadda muke kira foraj. Suka kawo tankin ƙarfe babba suka ajiye a ƙasa, suka ce ba za a haɗa inji ba sai tanki ya hau sama. Ƙafafun tankin kuwa aikin unguwa ne. Aka bar mana manyan bututu huɗu da siminti, aka ce samari su yi gayya, Illa ya ja gaba. Wani hafsan soja da aka turo ya kula da ayyukan taimako, muna ce masa Kapitan, shi ya yanke ranar da motar ɗaga kaya za ta zo daga Damagaram ta ɗora tanki. Kashegarin ranar kuma wani babban baƙo zai zo ya buɗe famfo. Motar ɗaya ce ga ƙasa mai faɗi, kowa ya san in ta wuce ba a san ranar dawowarta ba.

Illa ya haƙa ramuka, ya kafa ƙafafu, ya ɗaure su da ƙarafa a gicciye. Sannan ya ce zai cika su. Nan rigima ta tashi, domin kwaɓi yana son ruwa, ruwan kuma na rijiyar nan ne da mata suke kwana biyu ba su yi wanki da shi ba. Hajiya Baiwa ta zo har wurin aiki da sandarta.

Ta ce, "Illa, ɗan maƙeri, ashe ƙarfe ma yana jin ƙishirwa?"

"Yana ji, Hajiya, amma sau ɗaya yake sha a rayuwarsa."

"Jikokina kullum suke sha. Dubi kaurin abin nan. Giwa za ka ɗora?"

"Ta fi giwa, Hajiya. Kuma ku za ku tsaya ƙarƙashinta, ba ni ba."

Ta harare shi, ta ce ubansa ma haka yake da taurin kai, amma ta ware masa ruwa tano ɗaya, wato duro guda, kullum, ba ƙari. Da wannan tanon ya cika ƙafa uku, a hankali, yana hawa yana sauka yana ƙwanƙwasawa. Nakan rufe rumfa da wuri in je in riƙe masa tsani, tun da dai babu mai kawo ɗinki a shekarar.

Saura ƙafa ta huɗu, ranar mota ta matso, sai aka aiko soja biyu su tafi da shi. Wata motar hatsin taimako ta karye a hanyar Kance, ana son mai walda. Ba abin da ake cewa a'a ba ne. Kafin ya hau mota ya kira Lawali, shugaban samarin gayya, wanda kuma ɗan autan Hajiya Baiwa ne, ya ce kada a taɓa ƙafar nan sai ya dawo.

Gyaran ya ɗauke shi fiye da yadda aka zata. Lawali ya ga lokaci na ƙurewa, ya ga kuma ranar rijiya ta ƙi ba da ko tanon nan. Mutum ne mai son a yaba masa, amma ba mugu ba ne. Ya tara samari suka yi shawara irin ta manoma. Mu a nan in ruwa ya yi jinkiri mukan yi binne, mu zuba iri a busasshiyar ƙasa mu rufe, in ruwan sama ya sauko ya tarar da shi. Suka ce siminti ma haka ne. Suka gauraya shi da yashi da tsakuwa a bushe, suka ɗura har baki, suka zuba ɗan ruwan da ya rage a sama, suna cewa zai bi a hankali ya sauka har gindi. Da gari ya waye bakin bututun ya daskare kamar dutse. Suka yi murna, har Lawali ya hau ya buga da ƙafa.

Illa ya dawo da safiyar ranar da mota za ta zo, bai ko shiga gida ba. Lawali ya tarye shi da fara'a ya ce, "Yaya Illa, mun hutar da kai." Illa ya wuce kai tsaye gindin ƙafa ta huɗu. Ya ɗauki guduma ya manna kunne. Daga sama ƙarar ta mutu. Da ya sauko kamu biyu sai ta canja, ya ci gaba da sauka tana ƙara buɗewa. Na san fuskarsa tun muna yara, na ga lokacin da ya gane. Ya tambayi Lawali a hankali yadda suka yi, Lawali ya faɗa masa. Illa ya zauna a ƙasa ya riƙe gudumar da hannu biyu.

Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baƙin Hannu, uku sun cika. Wannan ma ai ba fanko ba ce."

Ya ce, "Da fanko ce da na san abin da nake da shi. Wannan garin yashi ne, zai zauna ya bar rami, kuma ban san inda ramin zai tsaya ba."

"Ba wanda zai gani."

"Na ji, ai."

"In mota ta koma, matan nan za su ci gaba da shan laka. Ka san abin da za su ce maka."

"Na sani," ya ce. Ya daɗe yana duban layin tuluna a bakin tsohuwar rijiya. Ban taɓa ganinsa cikin wahala irin ta lokacin nan ba. Sannan ya tashi ya tada injin walda.

Motar ta iso da hantsi, Kapitan yana gaba a tasa motar, unguwa duka ta fito. Direba ya fara warware sarƙa. Illa ya je gaban Kapitan ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ɗora yau ba. Ƙafa ɗaya ba ta yi ba."

Kapitan ya dubi ƙafafun, duk huɗu a tsaye, bakinsu a toshe. Ya ce wace ce. Illa ya je gindin ta huɗu ya huda ƙaramar taga da wuta, ya buge ƙarfen ya faɗi. Sai gari ya fara zuba, busasshe, kamar an kwance bakin buhu. Ya yi ta zuba yana taruwa a kan takalminsa.

Kapitan ba mahaukaci ba ne, ya ga abin da kowa ya gani, bai ce a ɗora ba. Amma yana da baƙo gobe, kuma dole wani ya ɗauki laifi. Ya ce, "Wa ya cika wannan?"

Lawali yana tsaye bayan uwarsa. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Illa bai ko dubi wajensa ba. Ya ce, "Aikina ne, ranka ya daɗe. Ni aka ba."

"Kai ka cika ta?"

"Ni aka ba aikin."

Aka sa shi a bayan mota. Motar ɗaga kaya ta naɗe sarƙarta ta kama hanyar Damagaram, mata suna kallonta har ta ɓace. Wasu suka zagi Illa a gabana, ban kuma hana su ba, domin ƙishirwarsu gaskiya ce. Baƙo ya zo kashegari, aka kai shi wani wuri daban.

Ya yi kwanaki a tsare. Ina kai masa fura in Sa'a ta samu abin damawa. Ya fito da kumburi a gefen fuska, da na tambaya ya ce ƙofar wurin gajera ce, kuma ba a cika ginshiƙanta ba. Dattawan unguwa ne suka je suka yi roƙo. Aka sake shi da sharaɗi biyu: ya gyara ƙafar, kuma bayan wannan ba shi ba aikin taimako ko na hukuma a ƙasar nan.

Ranar da ya koma wurin aiki, ya yanke bututun ƙasa da inda ya toshe, ya zazzage shi, ya sake haɗawa da ɗamara ta ƙarfe. Saura ruwa, kuma bai da fuskar da zai roƙa. Muna tsaye sai ga Hajiya Baiwa, bayanta mata a jere. Kowace ta zo bakin tano ta tsiyaya ƙwarya ɗaya daga tulunta ta wuce. Wasu suna yi suna tsaki. Lawali ya riga ya faɗa wa uwarsa komai.

Illa ya ce, "Hajiya, na gode."

Ta ce, "Riƙe godiyarka. Ɗana ya yi binne a inda ba a binne, ni nake biya. Kai kuma da ka tsaya kana ƙarya a gaban soja, wa ya aike ka?"

"Ban yi ƙarya ba, Hajiya. Ni aka ba aikin."

"Rufe mini baki ka shayar da ƙarfenka."

Lawali ne ya riƙa miƙa gwangwani har aka gama, bai ɗaga kai ba. Illa ya ba shi gudumar ya nuna masa inda zai sa kunne, ya sa shi ya bi ƙafar daga sama har ƙasa. Hajiya ta so ta je ta faɗi gaskiya a gaban Kapitan, Illa ya hana. Ya ce an riga an daki mutum ɗaya, babu amfanin a daki biyu.

Motar ba ta dawo ba sai da zafin bazara ya kai ƙarshe. Makonnin nan sun yi wa unguwa tsanani, ba zan ɓoye ba. Yara sun yi gudawa saboda ruwan laka, kuma akwai gidajen da suka daina amsa gaisuwar Sa'a. Illa ya ji duk wannan a jikinsa. Kullum da safe yakan je ya taya ja guga, ko an yi masa magana ko ba a yi ba. Aiki kuwa babu. Wanda bai da abin ci ba ya yin ƙofar ƙarfe, amalanke duk an jingine su, aikin taimako kaɗai ya rage kuma an hana shi. Hamisu ya ce masa ana neman masu walda a Agadas. Ya amsa zai bi shi, amma ba zai taka mota ba sai ya ga ruwa a cikin tanki.

Allah ya sa ranar da aka ɗora tankin aka haɗa inji ta zo daidai da ranar tafiyar Hamisu. Ba baƙo, ba kiɗa. Kapitan ya aiko wakili. Da aka ce za a tada inji, wakilin ya sa mutane su ja baya nesa, domin ba a san abin da ƙafafun za su yi ba in nauyi ya hau. Illa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a tsakiyar ƙafafun huɗu, daidai ƙarƙashin tanki, ya zauna ya miƙe ƙafa. Ƙunshin kayan tafiyarsa yana gefensa. Wakilin ya yi masa tsawa ya fito, Illa ya ce in abin zai faɗi gara ya faɗa kan wanda ya yi shi.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na je na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Mai Allura, kai kuma me ya kawo ka? In ta faɗo ko ƙyallenka ba za a samu ba."

Na ce, "Inuwa na biyo. Duk garin nan babu irinta."

Inji ya kama. Muka ji ruwa yana hawa, sannan ya fara zuba a cikin tanki a kan kanmu, da farko da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, daga baya ƙarar ta yi nauyi. Ƙarafan gicciye suka yi 'yar ƙara suna zama. Illa ya jingina bayansa da ƙafa ta huɗu ya rufe ido. Muka zauna haka har ruwa ya tumbatsa ya zubo ta bututun sama ya jiƙa mana tabarma. Sai mata suka yi guɗa, yara suka ruga, Hajiya Baiwa tana dukan ƙasa da sanda tana cewa a yi layi, ba a gidan biki ake ba.

Illa ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska. Hamisu yana ta danna oda a bakin hanya. Na ɗauki ƙunshinsa na raka shi. Ya riga ya yi sallama da gida tun da safe, ba ya son ya sake shiga yara su yi kuka. A Agadas ya yi shekara biyu da wani abu, yana aiko da abin da ya samu ta hannun Hamisu, yana cewa sai kaka, in kaka ta zo ya ce sai bayan salla. Ban sake ganinsa ba.

Ran nan a bakin motar ya juya ya dubi taron da ke gindin tanki, yana neman wani da ido. Ya ce, "Ban ga Sa'a ba."

Na ce, "Tana gida. Kunyar mutane take ji."

"Ka je ka ce mata ta ɗauko tulunta ta fito. Ba ta da abin jin kunya."

"Yanzu zan je. Zan gaya wa Hajiya a bar ta ta fara ɗiba, ai ta cancanta."

Ya sa ƙafa a kan taya, ya kama ƙarfen mota, ya ce, "A'a, Sallau. Ta bi layi."

Na ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce, "Amin. Ka kula mini da su."